Shawara: Karen da ke gadin gonata ya fara jan ƙafa, kan mutanen gidana kuma ya rabu

Assalamu alaikum. Ina da ɗan gidan gona a bayan garin Sakkwato, ta wajen hanyar Wamakko, inda nake kiwon kaji da tumaki, kuma can nake zaune da iyalina. Shekara tara ke nan da na sayi kwikwiyon Alseshiyan, irin wanda ake kira karen Jamus, a hannun wani abokina, kuma tun da ya girma ɓarawo bai ƙara haura mini katanga ba. Wajen wata biyar da suka wuce ya fara jan ƙafar baya ta hagu, farata suna kartar ƙasa. Yanzu ta dama ma ta soma, idan ya zo juyawa sai ƙafafun su harɗe ya faɗi. Yana cin abinci sosai, yana haushi, ya san kowa, kuma ban taɓa jin ya yi kukan ciwo ba. Na sayo magunguna a kemis, an yi masa allurai, babu canji. Uwargidana ta ce haukan kare ne yake zuwa masa a hankali, a kashe shi tun bai ciji yara ba. Ƙanena ya ce mai gadi ne ya maka masa sanda a baya, domin an taɓa ganin yana korarsa daga wurin da yake salla. A kan haka na riƙe albashin mai gadin na wata biyu, shi kuwa ya rantse bai taɓa shi ba. Da na kira abokin da ya sayar mini, sai ya ce uban karen ma haka ya ƙare. Ga shi na sayar da 'ya'yansa ga mutum huɗu, na ajiye biyu, mace da namiji, ina shirin haɗa su, har wani ya ba ni kafin alƙalami. Yarana kuka suke yi idan aka yi zancen kashe shi. Don Allah a ba ni shawara, na rasa maganar wa zan ɗauka.

Wani bawan Allah, daga Sakkwato

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a gonar, ya kuma kwantar da hankalin mutanen gidan. Na karanta wasiƙarka a tsanake, kuma abin da na fara lura da shi shi ne ka kalli karenka da idon mai kulawa, domin alamomin da ka jero su ne ainihin waɗanda likitan dabbobi zai tambaye ka. Ba a yanke wa dabba hukunci daga takarda, amma babban karen Jamus mai shekara tara, wanda rauni ya fara masa daga ƙafar baya guda ya ci gaba sannu a hankali har wata biyar, ba tare da zafin ciwo ba, alhali yana ci yana haushi, kuma ubansa ya yi irin wannan ƙarshen, ya fi kama da mai ciwon lalacewar laka na gado fiye da duk abin da aka faɗa maka a gida. Idan haka ne, babu wanda ya yi masa komai, kuma shi ma ba zai cutar da kowa da wannan ciwon ba.

Bari in fara da uwargida, domin tsoronta tsoron uwa ne, kuma yana da tushe. Haukan kare yana kashe dubban mutane duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, yara suna da yawa a cikinsu, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum kusan babu mai tsira. Gaskiya ne kuma akwai nau'insa da ba ya sa kare ya yi ta cizo, sai dai ya shanye masa jiki, don haka ba ta yi shirme ba da ta haɗa jan ƙafa da shi. Inda maganarta ta sha bamban da halin karenku shi ne lokaci. Karen da haukan kare ya bayyana a jikinsa ba ya wuce kimanin kwana goma a raye, kuma kafin ya mutu halinsa yakan sauya, muƙamuƙinsa ya saki, yawu ya riƙa dalala, haɗiya ta gagare shi. Karen da ya yi wata biyar yana cinye kwanonsa yana kaɗa wa yara wutsiya ba wannan cutar ke jan ƙafarsa ba. Kada ka faɗa mata haka da sigar wanda ya ci gardama. Ka ɗauko katin rigakafin karnukan duka uku ku duba tare, idan allurar shekara ta wuce a sabunta ta a wannan makon, kuma in da hali ka tafi da ita asibitin dabbobi ta ji daga bakin likita. Ku kuma yi yarjejeniya a gaban yara cewa duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ko na gida ne, za a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 a wuce asibiti a ranar. Mace idan ta ga an ɗauki tsoronta da muhimmanci, ta fi saurin sauka daga kan matsayinta.

Maganar mai gadi ita ce wadda ba na so ta kwana. Dukan da zai taɓa laka duka ne mai ƙarfi, kuma sakamakonsa a take yake bayyana: karen zai yi ihu, ya ƙi a taɓa bayansa, ranar farko ta fi kowace rana muni, daga nan ko dai ya fara samun sauƙi ko ya tsaya yadda yake. Guba ma haka take, cikin sa'o'i ko kwanaki kaɗan ake ganin amai da dalalar yawu da jijjiga. Ciwon da ya fara da ɗan kartar farce, wata bayan wata yana ƙaruwa, ya tsallaka daga hagu zuwa dama, bai yi kama da aikin sanda ba ko kaɗan. Korar kare daga wurin salla kuwa abu ne da ni da kai za mu yi, ba hujja ba ce a kan kowa. Ka riƙe haƙƙin mutum na wata biyu bisa zato, shi kuma ya rantse maka, mai yiwuwa yana da iyali a ƙauye da ke jiran wannan kuɗin. Ka kira shi kai da shi, ka biya shi cif, ka ce masa ka bincika ka gano ciwon daga jinin karen yake, ka nemi afuwarsa. Tunda a gaban mutane aka zarge shi, ya dace mutanen gidan su ji daga bakinka cewa an wanke shi. Ƙanenka ba sai ka kunyata shi ba, domin kishin dukiyarka ne ya sa shi magana, amma ka gaya masa a keɓe cewa zancen ya ƙare. Akwai kuma wata fa'ida a nan da za ka gani nan gaba: kula da babban kare mai raunin ƙafa aikin hannu biyu ne, kuma mutumin da ke kwana a ƙofar gidan shi ne zai fi kowa taimaka maka, in har zuciyarsa ba ta riƙe da kai.

Yanzu ga ciwon kansa. Likitoci suna kiransa dijenaretif mayelofati, suna taƙaita shi da DM. Laka ita ce igiyar jijiyoyin da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ƙashin baya, kuma ta cikinta saƙo ke sauka zuwa ƙafafu, ta cikinta kuma labari ke komawa sama cewa ga inda ƙafa ta taka. A wannan ciwon zaren jijiyoyin da rigar da ta lulluɓe su suna lalacewa a hankali, farawa daga tsakiyar baya, kamar wayar lantarkin da robarta ta zazzage, wuta na tasowa amma ba ta isa inda aka aike ta. Shi ya sa ƙafar ba ta karye ba, ba ta kumbura ba, amma karen bai san ya kifa dagi yana taka bayansa ba. An fara bayyana ciwon a rubuce a shekarar 1973, a jikin karnukan Jamus, kuma a 2009 masu bincike na Jami'ar Misuri da ke Amurka tare da abokan aikinsu suka gano yana da alaƙa da sauyi a wata ƙwayar gado da ake kira SOD1. Ita wannan ƙwayar an riga an san ta tun 1993 a wani nau'i na cutar shanyewar jiki ta mutane da ake kira ALS, sai dai kama ce kawai tsakanin cututtukan biyu. Mutum ba ya ɗauka daga kare, kare ba ya ɗauka daga kare, tumakinka da kajinka ma babu ruwansu. Yawanci yakan bayyana ne daga shekara takwas zuwa sama, kuma ban da karen Jamus ana yawan ganinsa a Boksa da Rodeshiyan Rijbak da wasu jinsunan.

Duk da haka, kada ka tsaya a kan maganata ka ce an gama. Akwai cututtuka da ke kwaikwayon wannan, kuma wasunsu suna da magani, saboda haka ne ma zuwa asibiti ya zama dole. Karen Jamus ya yi suna wajen lalacewar gaɓar kwatangwalo, ya kuma yi suna wajen matsewar jijiyoyi a ƙarshen ƙashin baya kusa da wutsiya. Faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya yana iya bulluƙowa a hankali ya danne laka, ƙari ma yana iya yin haka. A ƙasarmu kuma likita ba zai manta da cututtukan da kaska ke sawa ba, waɗanda ke shanye jini su raunana kare. Kana da sa'a a Sakkwato, domin Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da tsangayar koyar da likitancin dabbobi da asibitin koyarwa na dabbobi. Ka kai shi da sassafe kafin rana ta yi zafi, ka tafi da katin rigakafi da kwalayen duk maganin da aka ba shi, ka kuma ɗauki bidiyon tafiyarsa da waya, ta gefe da ta baya, domin kare a baƙon wuri yakan ƙi tafiya. Za su lallatsa bayansa su ga ko akwai zafi, su kifa masa dagi su ga ko zai gyara shi nan take kamar yadda lafiyayyen kare ke yi, su duba jini, su ɗauki hoton ƙashin baya da kwatangwalo. Ka sani tun yanzu cewa babu gwajin da ke tabbatar da DM ɗari bisa ɗari a jikin kare mai rai, sai an duba lakar bayan ya mutu. Abin da likita ke yi shi ne ya kore sauran cututtukan ɗaya bayan ɗaya, idan bai ga komai ba kuma alamun suka dace, sai ya ce shi ne. Idan ya ce maka haka, ba gazawa ya yi ba.

Magungunan kemis kuwa ka dakatar da su daga yau. Maganin ciwon jiki na mutane irin su ibufurofen da dikulofenak suna huda cikin kare su lalata masa ƙoda, kuma allurar da ake yawan yi don rage kumburi ba ta tsayar da wannan ciwon, sai ma ta ƙara narkar da naman cinyar da yake dogaro da shi. Idan wani ya ce a yi masa lalas da ƙarfe mai zafi a kwankwaso kamar yadda ake yi wa jaki, ka ƙi. Azaba ce kawai a kan fatar da babu ciwo a cikinta.

Zan gaya maka gaskiyar da ta fi ɗaci, domin ka shirya. Idan DM ne, ba a samo maganin warkar da shi ba. Yawancin manyan karnuka suna daina tafiya da ƙafafun baya cikin wata shida zuwa shekara guda daga fara alamun, naka kuma ya riga ya ci wata biyar. Bayan haka sai fitsari da kashi su fara kufce masa, idan aka ci gaba da riƙe shi raunin ya hau ƙafafun gaba, daga ƙarshe ya taɓa haɗiya da numfashi. Rahamar da ke ciki ita ce ciwon kansa ba shi da zafi. Wahalar da irin waɗannan karnuka ke sha daga gefe take zuwa, daga gyambon kwanciya da ƙazanta da ƙishirwa da zafin rana, kuma duk waɗannan suna hannunka.

Abu guda da aka ga yana jinkirta ciwon shi ne motsa jiki. Wani bincike da aka wallafa a 2006 daga Jami'ar Ban da ke ƙasar Siwizalan ya nuna karnukan da aka yi wa atisaye sosai kullum sun rayu kwana 255 a matsakaici, waɗanda aka yi wa tsaka-tsaki kwana 130, waɗanda ba a yi wa komai ba kwana 55. Karnukan da aka bi a binciken ba su da yawa, amma tazarar ta isa ta sa mutum ya tashi tsaye, kuma aikin ba ya cin kuɗi. Ka riƙa fita da shi gajeriyar tafiya bayan sallar asuba da kuma bayan magariba, sau da yawa kaɗan-kaɗan ya fi doguwar tafiya guda da za ta gajiyar da shi. A kan rairayi mai laushi za ku bi, ba kan siminti ko tsakuwa ba, kuma kada a kuskura a fito da shi da rana a watannin bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, domin karen da ba ya jin ƙafarsa zai ƙone dagi bai sani ba. Ka zura tsohon zane ko babban tawul ta ƙarƙashin mararsa ka riƙe bakin biyu a sama, ka ɗauke masa wani ɓangare na nauyin, shi kuma ya yi takun da kansa. Idan ya kwanta, a lanƙwasa masa kowace ƙafar baya a miƙe ta a hankali sau goma ko fiye, a murza masa cinyoyi. Wannan aiki ne da babban yaronka zai iya koya a wurin likita, kuma zai ba yaran abin yi maimakon kuka. Saman dagin da ke gogar ƙasa a sa masa tsohuwar safa mai kauri lokacin tafiya, a cire idan an dawo, a duba ko ya goge. Idan ɗakinsa tayil ne ko siminti mai santsi, a shimfiɗa buhu ko tsohuwar darduma. A rage masa ƙiba idan yana da ita, domin duk kilon da ya ƙaru a kan ƙafafun gaba zai sauka.

Idan ya kai ga ba ya iya tashi, aikin zai ƙaru. Zai buƙaci shimfiɗa mai laushi a inuwa, a riƙa juya shi daga gefe zuwa gefe bayan kowace sa'a huɗu zuwa shida, ruwan sha a kusa da bakinsa, a wanke shi a tsane shi duk lokacin da ya ɓata jikinsa. Da damina ka ninka sa ido, domin ƙuda ba ya barin fata mai jiƙe da fitsari, kuma cikin kwana biyu tsutsa na iya cika ƙaramin rauni. A ƙasashen waje ana sayar da keken karnuka mai taya biyu da ke ɗauke ƙugu, kuma mai walda mai basira a cikin gari zai iya haɗa makamancinsa da tayoyin keken yara idan ka nuna masa hoto, likita kuma ya duba tsayinsa. Amma ba na so ka ɗauka cewa wajibi ne sai ka kai wannan matakin. Kare mai kilo talatin zuwa arba'in ba ƙaramin kaya ba ne, kana da gona da iyali, kuma uwargida ce za ta zauna da warin idan ba ka nan. Ku zauna kai da uwargida da likita tun yanzu ku ja layi: ranar da ya daina iya tashi ko da an tallafe shi, ko gyambo ya ƙi warkewa, ko ya daina sha'awar abinci da mutane, a hutar da shi.

Ta yadda za a hutar da shi ma akwai magana. Likitan dabbobi yana da allurar da ke sa dabba barci ta wuce cikin mintuna ba tare da wahala ba, kuma ita kaɗai nake ba ka shawara. Kada a sa masa guba a abinci, domin mutuwar azaba ce kuma haɗari ce ga kaji da yara. Kada a kai shi daji a yar, kada kuma a miƙa shi ga masu yawo suna sayen karnuka. Dabbar da ta yi maka shekara tara tana tsaye a bakin dukiyarka ta wuce haka. Ta fuskar addini, mun san hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, kuma littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu sun halatta a kawo ƙarshen dabbar da ba a cin namanta idan an ɗebe tsammanin rayuwarta, don a hutar da ita. Ka tuntuɓi malaminka domin zuciyarka ta natsu. Yara kuma kada a yi musu ƙaryar an kai shi wani gari. A gaya musu tun yanzu cewa ya tsufa, ciwonsa ba ya warkewa, za a kula da shi iyakar iko, kuma idan lokaci ya yi a bar su su yi masa sallama.

Sai batun haɗa 'ya'yansa biyu, kuma a nan ba zan sassauta maka ba: kada ka haɗa su. Kowane kwikwiyo yana karɓar kwafi ɗaya na wannan ƙwayar daga uba, ɗaya daga uwa. Wanda ya karɓi masu sauyin guda biyu shi ne ke cikin haɗari, wanda ya karɓi ɗaya yawanci lafiya lau zai rayu amma yana ɗauke da ita zai miƙa wa na baya. Idan tsohon karenka yana da biyu, kamar yadda alamu ke nunawa, to babu ɗansa ko ɗaya da ya tsira daga ɗaukar aƙalla guda. Haɗa masu ɗauke da ita biyu yana nufin kowane kwikwiyo yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya fito da biyu, biyu cikin huɗu ya zama mai ɗauka, ɗaya cikin huɗu kaɗai ya fita tsaf. Idan uwarsu ma tana ɗauke da ita, lissafin zai iya fin haka muni. Gaskiya ne ba duk mai kwafi biyu ke kamuwa ba, wasu sukan tsufa su mutu da wani dalili ciwon bai bayyana ba, amma barbara tsakanin wa da ƙanwa ba wannan ƙwayar kaɗai take tarawa ba, har da ta kwatangwalo da sauran ɓoyayyun lahani. Jinsin karen Jamus tun kafa shi a 1899 daga tsatso ƙunƙuntacce ya taso, waɗanda suka iso ƙasarmu kuma 'yan kaɗan ne ake ta juyawa tsakanin abokai, babu takardar asali, babu mai tambayar yadda kakan ya ƙare. A ganina wannan sakacin namu na masu kiwo ya fi ƙwayar kanta laifi.

Idan kana son ci gaba da kiwon, akwai hanya. Ana gwada wannan ƙwayar da ɗan audugar da ake goga wa a cikin kumatun kare, a aika ɗakunan gwaji na Amurka ko Turai, sakamako ya dawo da ɗayan uku: tsaf, mai ɗauka, ko mai haɗari. Ka nemi likitanka ya shirya maka aikawa. Mai ɗauka ba a jefar da shi, ana haɗa shi ne da wanda gwaji ya nuna tsaf kuma ba danginsa ba, ta haka babu kwikwiyon da zai fito da kwafi biyu. Idan kuɗin gwajin ya yi maka yawa, mafi sauƙi shi ne a yi wa namijin fiɗiya a asibiti, su biyun su ci gaba da gadi, wanda dama shi ne aikin da ka ajiye su domin sa. Kafin ka yanke shawara, ka raba musu wurin kwana idan karyar ta fara neman namiji, domin ba za su jira ka gama tunani ba.

Wanda ya ba ka kafin alƙalami ka mayar masa da kuɗinsa ka gaya masa dalili. Mutum huɗun da suka saya a baya kuma ka kira su ɗaya bayan ɗaya. Malamai sun yi saɓani a kan kuɗin kare shi kansa, wannan ka san inda za ka tambaya, amma babu saɓani a kan ɓoye aibin abin sayarwa. Lokacin da ka sayar ba ka sani ba, don haka ba ka yaudari kowa ba, kuma ban ga dalilin da zai sa ka mayar da kuɗin karnukan da ke tsaye lafiya suna aikinsu ba. Abin da ke kanka shi ne labari: uban ya kamu da ciwon da ake zaton na gado ne, karnukansu mai yiwuwa ba za su taɓa kamuwa ba, amma kada su haɗa su da danginsu, kuma su sa ido a kan faratan ƙafar baya idan shekaru suka ja. Wani zai yi fushi, na sani, amma gara ya ji daga gare ka yau da ya ji a bakin wani bayan shekara biyar. Abokin da ya sayar maka shi ma kada ka riƙe shi a rai, domin ciwon da ke bayyana bayan shekara takwas yakan zo ne bayan kare ya gama haihuwar 'ya'ya da jikoki, kuma da ka tambaye shi bai ɓoye maka ba. Ka roƙe shi ya sanar da sauran waɗanda suka karɓi jinin a hannunsa.

Na san a ƙarƙashin duk wannan akwai damuwar da ba ka rubuta ba, wato wa zai tsare gonar. Tsohon bai gama amfani ba, kunnensa da hancinsa da muryarsa suna nan, ka mayar da shimfiɗarsa inda zai riƙa jin motsin ƙofa, matasan biyu su yi zagayen. Idan kuma wata rana ka yi niyyar sauya jinsi, kada ka ɗauka tsira ce kai tsaye. Rotwaila yana da nasa ciwon jijiya na gado da ke kama kwikwiyo tun yana wajen wata uku, ya fara da shaƙewar murya da numfashi mai ƙara kafin ƙafafu su raunana, kuma yawancinsu ba sa kai shekara. Dobaman da Giret Den suna fama da matsewar laka a wuya da ke sa su tafiya suna tangaɗi. Duk wanda za ka saya a hannunsa, ka nemi ganin uwa da uba suna tafiya da gudu a gabanka, ka tambayi dangantakar da ke tsakaninsu, ka tambayi shekarun da kakanni suka yi da abin da ya kashe su, idan ya fara kame-kame ka riƙe kuɗinka. Kada kuma ka raina karnukanmu na gida irin na mafarauta da makiyaya, waɗanda suka saba da zafin nan da ƙarancin ruwa, cin su kaɗan ne, kuma idan aka raine su tun suna ƙanana da rigakafi da abinci mai kyau suna tsare gida yadda ya kamata. Idan kun dawo daga asibitin ka rubuto mini abin da hoton ƙashi da gwajin jini suka nuna, domin idan aka ga matsalar kwatangwalo ko ta faifan baya, tsarin kulawar da na zayyana maka zai buƙaci gyara.